Darasi na Goma Sha Ɗaya: Zubewar Gashi da Ƙarancin Sinadarin Ƙarfe a Jikin Mata

Wannan darasi na mata ne, amma ba a ce maza su fita daga aji ba, domin rabin maganin abin da za mu tattauna yana hannun mai cefane. Za mu duba dalilin da ke sa gashin mace ya riƙa zuba fiye da ƙima, da yadda hakan yake da nasaba da jinin jikinta, da kuma abin da macen Bauranya ko Mawashi ko Kaikai za ta iya yi da abin da ke kusa da ita.

Lissafin ranar tsifa

Babu macen da ba ta san ranar tsifa ba. An warware kitson mako biyu ko uku, an sa matsefi, sai ga gashi ya dunƙule a tafin hannu. Gaban wata ya faɗi, ta ce kanta zai ƙare. Kafin a tsorata, a fara yin lissafi.

A kan mutum akwai silin gashi kimanin 100,000. Lafiyayyen mutum yana zubar da 50 zuwa 100 a kowace rana, wasu kuma suna tsirowa a gurbinsu. Mai kitso ba ta ganin wannan zubar ta kullum, saboda silin da ya saki yana maƙale cikin kitso har ranar da aka tsefe. A kwana 14, sili 50 a rana ya zama 700, sili 100 kuma ya zama 1,400. Duk su ne suke fitowa lokaci guda. Saboda haka dunƙulen ranar tsifa kaɗai ba shaidar ciwo ba ne.

Abin da za a lura da shi shi ne canji. Dunƙulen ya ninka na da? Tsagar kitso ta ƙara faɗi har fatar kai tana bayyana? Jelar da a bara take cika hannu ta sirance? Makitsiya takan riga mai kan ganewa, sai ka ji ta ce, "Yaya, me ya sami kan nan naki? Ba haka na san shi ba." Maganar makitsiya abar ɗauka ce, don ita ce take ganin tsakiyar kai da ƙeya, inda mai shi ba ta gani.

Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko sisi. A ɗauki 'yan silin da suka zubo a shimfiɗa su a kan farin ƙyalle, a fita da su haske. Idan silin dogo ne, a gindinsa kuma akwai ɗan farin ƙullutu kamar ƙwayar yashi, to daga saiwa ya saki. Wannan ita ce zuba. Idan kuwa guntaye ne marasa ƙullutu, karyewa gashin yake yi a tsakiya, kuma galibi laifin bushewa ne, ko man miƙar da gashi, ko taza da ƙarfi. Darasinmu a kan na farkon yake.

Yadda gashi yake rayuwa

Kowane sili yana da zamaninsa. Yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, kimanin santimita ɗaya a wata. Daga nan sai ya tsaya ya huta wajen wata uku, sannan ya saki, sabo ya fito a raminsa. A lafiyayyen kai, sili 85 zuwa 90 cikin 100 suna cikin tsawo, kaɗan ne suke hutu.

Idan wani abu ya girgiza jiki, kamar zazzaɓi mai tsanani, ko haihuwa, ko zubar jini, ko yunwa, ko tashin hankali, sai silin gashi masu yawa su daina tsawo su shiga hutu tare. Ba a ganin komai a lokacin. Sai bayan wata biyu ko uku su fara zuba gaba ɗaya. Wani likitan fata a Amurka, Albert Kligman, shi ne ya yi wa wannan yanayi cikakken bayani a 1961. A riƙe wannan tazara ta wata biyu zuwa uku da kyau, don ita ce take ɓatar da mutane. Mace ta ga gashinta yana zuba yau, sai ta zargi sabulun da ta canza jiya, alhali dalilin ya faru tun watanni baya, har ta manta da shi.

Rumbun ƙarfe

A jikin babban mutum akwai sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan asibiti suke kira ayon, kimanin giram 3 zuwa 4. Kusan kashi biyu cikin uku nasa yana cikin jini, a wani sinadari mai suna himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar da muka shaƙa daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Wani kason kuma jiki yana ajiye shi, musamman a hanta, cikin wani abu da ake kira feritin.

A ɗauki feritin a matsayin rumbu, himogulobin kuma tuwon da ke kan wuta. Gida yana iya ci gaba da ɗora tukunya kullum alhali rumbu ya kusa kaiwa ƙasa, baƙo kuma ba zai gane ba. Amma maigida mai hankali tuni ya fara rage abin da ba dole ba. Haka jiki yake yi. Idan ajiya ta yi ƙasa, jini da zuciya da ƙwaƙwalwa yake fara ba wa, don su ne rai. Gashi kuwa ado ne, ana iya rayuwa ba shi. Ga shi kuma saiwar gashi tana cikin sassan jiki mafi saurin hayayyafa, don haka ba ta jure ƙaranci.

Abin da wannan yake nufi shi ne, mace tana iya zuwa asibiti a auna jininta a ce ya isa, amma rumbunta fanko ne. Tun a 1963 wata mujallar likitocin fata ta ƙasar Suwidin ta buga rahoto a kan matan da gashinsu yake zuba, jininsu bai yi ƙasa ba, amma ƙarfen jikinsu ya yi. Daga lokacin zuwa yau an yi bincike da dama. Wasu sun sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin ƙarancin feritin da zubar gashi, wasu kuma ba su same ta da ƙarfi haka ba, shi ya sa har yanzu likitoci suna muhawara a kan iyakar da ta dace. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa babban mutum yana da ƙarancin ƙarfe idan feritin ɗinsa bai kai 15 ba. Wasu likitocin fata sun fi son su ga 40 ko fiye a jikin macen da gashinta yake zuba. Inda ba a jayayya shi ne, macen da aka tabbatar tana da ƙarancin ƙarfe tana bukatar magani, ko gashi ya zuba ko bai zuba ba.

Kuma matsalar ba ta tsiraru ba ce. A duniya, kimanin mata 30 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma rashin ƙarfe ne babban dalili. A Nijeriya, binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna mata 58 cikin 100 ne, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa 68 cikin 100. Wato a taron biki na mata goma, shida ko kusa da haka jininsu bai cika ba, ko da kuwa suna ta hidima suna dariya.

Ina ƙarfen mace yake tafiya?

Ƙarfe yana bin jini. Duk inda jini ya fita, da shi ya fita. Rabin lita na jini yana tafiya da miligiram 250 ko kusa da haka, jiki kuwa a rana miligiram ɗaya ko biyu kacal yake iya tsotsa daga abinci. Ke nan abin da aka rasa a yini guda sai an yi watanni ana mayar da shi.

Ƙofa ta farko ita ce al'ada. Shi ya sa macen da ke haila take bukatar ƙarfe a abincinta fiye da ninki biyu na namiji: ita miligiram 18 a rana, shi 8. Idan al'adar tana wuce kwana bakwai, ko tana zuwa da guda-guda manya, ko sai an canza ƙunzugu kowace awa ɗaya ko biyu, wannan ya wuce ƙa'ida. Mata da yawa suna haƙuri da shi shekara da shekaru saboda kunya, suna cewa haka jikinsu yake. Ba abin haƙuri ba ne, yana da magani.

Ƙofa ta biyu ciki ne da haihuwa. Ciki ɗaya yana cin ƙarfe kimanin miligiram 1,000, tsakanin jariri da mabiyiya da ƙarin jinin uwa da wanda za a zubar ranar haihuwa. Mata kaɗan ne suke shiga ciki da ajiyar da ta kai haka. Idan wani cikin ya shiga kafin jiki ya farfaɗo, wato kwanika, da ragowar da ba ta isa ba za a fara shi. Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar a sami aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, abin da ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da muka sani. Yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai gama girma ba kuwa, ita da ɗan cikinta ne suke rabon abin da ko ita kaɗai bai isa ba.

Sauran ƙofofin ba su da hayaniya. Akwai tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafar mai yawo ba takalmi a ƙasa mai danshi, ta maƙale a hanji tana shan jini. Akwai tsargiya, wadda ake ɗauka a kududdufi da dam, jini ya riƙa fita a fitsari. Akwai gyambon ciki da basir mai jini. Zazzaɓin cizon sauro kuma yana farfasa ƙwayoyin jini, yana hana hanji tsotsar ƙarfe yadda ya kamata.

Maijego

A nan ya kamata mu ɗan daɗe, don a nan aka fi samun ruɗani. Lokacin goyon ciki, sinadaran jikin mace suna riƙe gashin da ya kamata ya zuba, shi ya sa kan mai ciki yakan cika ya yi kyau. Da ta haihu sai riƙon ya saki. Bayan wata biyu zuwa huɗu gashin da aka riƙe ya fara zuba, musamman ta goshi da gefen kunne. Wannan ba ciwo ba ne, kuma yakan daidaita da kansa kafin yaro ya shekara.

To amma a duba lokacin da yake faɗowa. An yi suna, an gama wankan jego, an yi arba'in, wadda ta je wanka gidan iyayenta ta koma ɗakinta. Ba ta daɗe da dawowa ba sai gashi ya fara bin matsefi. Nan da nan zuciya ta tafi kan abokiyar zama, ko wata maƙwabciya, ko a ce baki ne ya kama ta. An sha ɓata zumunci a kan abin da haihuwa ce kawai ta kawo shi, kuma da a gidan iyayenta ta ci gaba da zama, a wannan lokacin dai zai zuba.

Inda ƙarancin ƙarfe yake shigowa shi ne idan zubar ta ƙi tsayawa. Yaro ya yi wata takwas, ya shekara, kai bai mayar ba. Ga gajiya tun da safe, ga jiri idan ta miƙe, ga haki idan ta yi daka kaɗan ko ta ɗauko ruwa, zuciya tana bugawa da sauri. Idan ta ja fatar idonta ta ƙasa a gaban madubi, cikin ya yi fari maimakon ja. Farce yana karyewa, wani lokaci tsakiyarsa ta lotsa. Gefen baki yana tsagewa. Wata kuma sai ta kama kwaɗayin farar ƙasa ko ƙasar bango ko tauna ƙanƙara. Mutane suna ɗaukar wannan kwaɗayi abin dariya, alhali sananniyar alama ce ta ƙarancin ƙarfe. Macen da ta haɗa zubar gashi da biyu ko uku daga cikin waɗannan, ba man kitso take bukata ba.

Ba kowace zuba ce ta ƙarfe ba

Zubar da ƙarancin ƙarfe ke kawowa ta ko'ina ce, kai yana sirancewa baki ɗaya ba tare da ƙaiƙayi ko ƙuraje ba. Idan gaban goshi ne kawai yake ja da baya, a tambayi kitso: wanda aka ja har ido ya ɗage, aka kwana biyu ana ciwon kai, yana tumɓuke saiwa, in aka daɗe ana yi kuma wurin ba ya sake tsirowa. Idan wuri ne zagayayye mai ɓawo da ƙaiƙayi, makero ne, kuma yara sun fi yin sa. Ciwon maƙoƙo da taifot da wasu magunguna su ma suna zubar da gashi. Man kaɗanya da karkashi suna tausasa gashi su rage karyewa, amma babu abin da ake shafawa a kai da yake ƙara ƙarfe a jini.

A asibiti

A fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ko na Kusada, ko Babban Asibitin Kankiya. A gaya wa ma'aikaciya komai: yaushe zubar ta fara, yaushe aka haihu, yaya al'ada take zuwa. Gwajin da aka fi yi shi ne na yawan jini. Idan himogulobin bai kai 12 ba ga macen da ba ta da ciki, ko 11 ga mai ciki, jini ya yi ƙasa. Gwajin feritin a manyan asibitoci aka fi samunsa, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano da ke Kano. Ba a son yin sa ana cikin zazzaɓi, don ciwo yana ɗaga feritin ya nuna kamar akwai ajiya alhali babu.

Kada a sayi maganin ƙarin jini a kasuwa a yi ta sha ba gwaji. Mai sikila jininta yana ƙasa, amma sau da yawa ba ƙarfe ta rasa ba, wadda aka sha yi wa ƙarin jini ma yana iya yi mata yawa har ya cutar da hanta. Sannan idan wani wuri ne yake zubar da jini a ciki, ƙwaya za ta rufe alamar, ciwon yana nan yana ci.

Idan an rubuta ƙwayar, a san halinta. Tana mayar da bayan gida baƙi, wannan ba komai ba ne. Tana iya kawo tashin zuciya ko taurin bayan gida. Idan ta dame ki, ki koma a canza miki yadda za ki sha, kada ki ajiye ta a ƙarƙashin katifa. Ba a haɗa ta da shayi ko madara ko nono, da ruwa ake sha, in da hali a bi ta da lemo. Ƙarfin jiki yakan fara dawowa cikin 'yan makonni, amma ana ci gaba da sha kimanin wata uku bayan jini ya daidaita domin a cika ajiya. Gashi shi ne na ƙarshe. Sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga ƙananan sili sun tsaitsaya a goshi, tsawonsu kuma da santimita ɗai-ɗai zai zo. Mai ciki kuwa ba ta jiran alama: ƙwayar ƙarfe da folik asid da ake bayarwa wajen awo ta kullum ce har a haihu. A ɓoye maganin inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin idan ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa yana iya rasa ransa.

A tukunya

Ƙarfen da ke cikin nama da hanta da kifi da kaza shi jiki ya fi saurin karɓa. Wanda ke cikin gero da dawa da wake da ganye yana da yawa, amma sau da yawa ko kashi ɗaya cikin goma jiki ba ya samu, sai an taimaka masa. Abu biyu ne suke taimakawa: ɗan nama ko kifi a cikin miya, ko da kaɗan ne, da kuma abin da ke da bitamin C, kamar lemon tsami da lemon zaƙi da gwaiba da ɗanyen tumatir da tattasai da garin ɗiyan kuka. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, a yanka tumatir da albasa a matsa lemon tsami a kai, ya fi yadda ake raina shi. Haka wake da awara da ɗanwake da riɗi da daddawa da soyayyar fara. Jiƙa hatsi ya kwana ko barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko yana rage abin da ke ɗaure ƙarfen a cikin hatsi. Manoma su sani cewa a 2018 an fitar da wani irin gero mai suna Chakti a Jamhuriyar Nijar, wanda aka inganta don ya fi gero na yau da kullum ƙarfe. Ana iya tambayar malamin gona labarinsa.

Shayi shi ne ɓarawon da ba a zargi. Kofi ɗaya a kan abinci yana iya rage fiye da rabin ƙarfen da jiki zai tsotsa. Ba a ce a daina ba, a dai ba shi tazarar awa ɗaya bayan cin abinci. Lemon kwalba na malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa mara lafiya da sunan ƙarin jini kuwa, daɗin baki ne da sukari. Kuɗinsu ya sayi hanta.

Ga kuma magana ga maigida. A gidaje da yawa tsokar da ke cikin miya kwanonsa take tafiya, wadda ta fi kowa bukata kuma ta ci abin da ya rage. Ranar suna an yanka rago an rarraba wa dangi, an dafa wa maijego ƙauri. Ƙauri yana da daɗi, amma hanta da jan nama sun fi shi ƙarfe nesa ba kusa ba, don haka a ware mata su. Mai ciki dai kada ta yawaita hanta, saboda bitamin A ɗin da ke cikinta yana iya yi wa ɗan tayi yawa. Wadda ta haihu ba ta da wannan takunkumi.

Tambayoyi da aiki

1. Mace ta bar kitsonta kwana 21. Idan tana zubar da sili 80 a rana, sili nawa za ta gani ranar tsifa?
2. Ta yaya ake bambance gashin da ya zuba da wanda ya karye?
3. Me ya sa mace za ta iya samun ƙarancin ƙarfe alhali an ce jininta ya isa?
4. Wace ce bai kamata ta sha maganin ƙarin jini ba sai likita ya ce?

Kafin zama na gaba, kowace ɗaliba ta rubuta abin da ta ci na kwana uku, ta ja layi a ƙarƙashin duk abin da ke da ƙarfe, ta kuma rubuta lokacin da ta sha shayi. Ɗalibai maza su rubuta cefanen da suka kai gida a kwanakin nan uku. Wadda kuma ta ga alamomin da aka lissafa a jikinta, kada ta jira zama na gaba, ta je a auna jininta a wannan makon.